Wane littafin lissafi za a saya wa mai shirin konkur?

 Daga Garwa muke, bakin Binuwai, kuma yau shirin na iyaye ne da 'ya'yansu da suka gama bak, wato jarrabawar kammala lise, suna hangen makarantar koyon kasuwanci.

A gurguje: a watan Janairun 2022 gwamnatin Kamaru ta kafa jami'o'i uku, Garwa, Bertoua da Ebolowa. Cikin ta Garwa akwai ESSEC, makarantar tattalin arziki da kasuwanci, ƙanwar ta Duwala wadda ke nan tun 1979. Da can sai yaro ya yi doguwar tafiya zuwa kudu. Yanzu ga ta a gida, amma ƙofarta konkur ce, wato jarrabawar shiga, kuma lissafi na tsaye a bakin ƙofar.

To, wane littafi?

Ku je wajen masu shimfiɗa tsoffin littattafai a ƙasa, da wuya ku rasa CIAM. Ni littafin nan yana burge ni. Malaman lissafi daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ne suka haɗu suka rubuta shi a shekarun 1990, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Saliou Touré na Kodebuwa, don manhajar ƙasashen ta zama ɗaya. Ku duba fa! A lokacin, yaro a Lainde da yaro a Maraɗi da wani a Abijan, shafi ɗaya suke buɗewa, tambaya ɗaya ke hana su barci. Ta yiwu ma wanda ke koya wa ɗanka lissafi yau da shi ya yi karatu. Za ka same shi bango ya yage, magabata sun cika gefen shafi da fensir, amma bayaninsa bai tsufa ba.

Sai dai CIAM littafin aji ne. Yana koyarwa a natse, mataki-mataki, konkur kuwa da agogo ake yin ta. Saboda haka nake cewa kada a fara da sayen littafi. A fara da sanarwar da ma'aikatar ilimi mai zurfi ke fitarwa idan za a buɗe jarrabawar, a ga darussan da za a gwada. Daga nan sai tsoffin tambayoyi. Tsoffin tambayoyi, jama'a, kafin komai. Yaro ya zauna ya amsa na shekara guda, agogo a gabansa, waya a wani ɗaki. Inda ya faɗi, nan ne babin da zai buɗe a littafi. Ɗan bak C ko D sau da yawa sauri yake buƙata. Ɗan bak A kuwa, wanda aka rage masa lissafi a lise, shi ne ya kamata ya koma tushe.

Akwai kuma waɗannan ƙunshin takardun fotokofi da ɗalibai ke kira bord, tambayoyi da amsoshinsu, har a WhatsApp ana tura su. A nan ina da shakka. Tambayoyin suna da amfani, amma amsar wa ya rubuta ta? Galibi ba suna, ba shekara. Ku gwada bord ɗin da abin da kuka sani. Buhun masara sefa 20,000, aka ƙara kashi 20 cikin ɗari, daga baya aka rage kashi 20. Nawa ya koma? Ba 20,000 ba, 19,200 ne, domin ragin daga 24,000 aka yi shi. Duk takardar da ta ba da amsa ba ta nuna hanya ba, Alhaji, ajiye kuɗinka. In kuwa an riga an saya, a kai wa malamin lissafi ya duba shafi biyu ko uku.

Ana yi mini alama lokaci ya ƙure, to kalma biyu ga masu neman MBA a waje. Jarrabawar GMAT da ake nemansu da ita ta sauya fasali tun ƙarshen 2023: sashen lissafi tambaya 21 ne cikin minti 45, ba kalkuleta, kuma da Turancin Ingilishi ake yin ta. Tsohon littafi zai ɓata muku lokaci kan abin da aka cire. Ku nemi na hukumar GMAC mai shirya jarrabawar, ku duba shekarar bugu kafin ku biya.