DA KEKE ZUWA AJIWA: BAƘIN DA KE SAUKA A BAKIN RUWANMU

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san shamuwa. Ranar da aka gan ta bisa tsamiya ko kukar gari, sai tsofaffi su ce a gyara fartanya, a fito da iri, ruwa ya kusa. Ba mai jifarta, ba mai taɓa ƙwanta. Amma mutum nawa ne cikinmu ya taɓa tambaya inda take zuwa in ta tafi? Ko kuwa waɗanne tsuntsaye ne ke zuwa ƙasarmu bayan tafiyarta? Wannan tambaya ce ta sa muka hau kekunanmu wata safiya cikin watan Janairu, mu shida, daga Batagarawa muka nufi dam ɗin Ajiwa.

Abin Da Ya Sa Muka Zaɓi Keke

Wani zai ce don me ba mu hau babur ba. Dalili na fari shi ne tsadar mai, wadda kowa ya san yadda ta zama tun da aka janye tallafi a 2023. Na biyu kuwa, tsuntsu ba ya son ƙara. Mai babur tun yana nesa zai kori duk abin da ke bakin ruwa, ya iso ya tarar da wayam. Keke kuwa ba shi da amo, yana bin hanyar ƙafa ta tsakanin gonaki, in an zo wurin yashi a sauka a tura.

Mun tashi tun da duku-duku, sanyin hunturu na ratsa mu. Ba mu yi nisa ba tsidau ya huda wa ɗayanmu taya, wanda ya ɗauko famfo kuma ya manta da kayan faci a gida. Sai da muka tura keken har ƙauye na gaba, muka jira mai faci ya fito. Wannan ya ci mana kusan sa'a guda, sa'ar da ta fi kowace kyau wajen ganin tsuntsaye.

Abin Da Muka Gani

An gina dam ɗin Ajiwa a kan kogin Tagwai cikin shekarun 1970, domin ba birnin Katsina ruwan sha. Masu noman rani da masunta da makiyaya duk suna amfani da shi. Muka jingine kekuna a gindin wata bishiya, muka zauna shiru. Madubin hangen nesa ɗaya tak gare mu, muna karɓa-karɓa.

Da farko 'yan gida muka fara gani: balbela tana bin shanu, zalɓe tsaye cikin ruwa yana dakon kifi, zakaran ƙeƙuwa yana ta tsegumi a kanmu, ga garken kirinjijiya suna shawagi suna fito. Can sai muka lura da waɗansu 'yan ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna tsattsagar taɓo a gefen ruwa, da wani mai rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya a ƙarƙashin shanu. Waɗannan baƙi ne. A ƙasashen Turai suke yin sheƙa su ƙyanƙyashe. In sanyi ya matso can, abinci ya ƙare, sai su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka wurinmu tun daga wajen Satumba, su koma cikin Maris da Afrilu. Waɗansunsu ko nauyin ƙwan kaza ba su kai ba.

Ita kuwa shamuwa, hanyarta dabam ce. A nan take haihuwa da damina, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da tsutsotsin gona. In ruwa ya ɗauke sai ta yi kudu, har ƙasashen Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda damina ke sauka lokacin da muke cikin rani. Watau ruwa take bi, shi ya sa zuwanta ke zama alama.

Yadda Aka Gano Hanyarsu

Su kansu Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi ba. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, da guntun mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Da shi ta yi wannan doguwar tafiya. Har yau gawarta na ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, mai suna Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye ɗan zobe mai lamba a ƙafa. Saboda haka in ka tsinci tsuntsu da zobe, ba laya ba ce, ba kuma sammu ba ne. Rubuta lambar da ranar da wurin, ka kai wa malamin daji.

Akwai kuma wani abin lura. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga fiye da rabin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai komo daga Afirka ba. Da aka bincika sai aka tarar ƙarancin ruwa ne a ƙasashenmu na bakin hamada. Farin da ya kai mu ga yunwar 1973 ke nan, tsuntsaye suka riga mutane ba da labarinsa.

Maganar Wani Dattijo

Muna zaune sai wani dattijo mai lambun tumatir da albasa ya zo ya yi mana sallama. Ya ce, "Samari, lafiya kuke leƙen tsuntsaye tun da safe? Mu nan in za a kwashe su duka ma, murna za mu yi." Muka ce, "Baba, duka kuwa?" Ya yi dariya, ya ce jan-baki yake nufi, wanda kan sauka wa gero da dawa kamar hadari.

Gaskiyarsa ce, ɓarnar jan-baki ba ƙarama ba ce, ba mu kuwa ce a ƙyale shi ba. Amma da muka tambaye shi ko balbela da shamuwa sun taɓa ci masa hatsi, sai ya ce a'a, fara suke ci. Muka tambaye shi gauraka. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce yana yaro yakan ji kukanta a fadama, yanzu kuwa jikokinsa ba su san kamanninta ba. Gauraka fa ita ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, ga shi ta kusa ƙarewa a dajinmu saboda kamu da bushewar fadamu. Ungulu ma da ke cika mahauta ta yi wuyar gani.

Darasi Daga Haɗeja Da Nguru

Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi tara tsuntsayen ruwa a Arewa shi ne fadamar Haɗeja zuwa Nguru, a jihohin Jigawa da Yobe. An ƙidaya irin tsuntsu fiye da 370 a can. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci tafkin Dagona don ganinsu. A 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya da ake kiyayewa bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008.

Duk da wannan suna, fadamar ta sha wuya. Bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da ita kowace shekara ta canza. Waɗansu wurare suka bushe, waɗansu kuma ruwa ya kwanta, ciyawar kacala ta toshe magudanai ta cinye gonaki. Jan-baki ya sami maɓoya a cikinta. Masunci ya rasa kifi, manomin shinkafa ya rasa gona, tsuntsayen ruwa suka rasa wurin kiwo. Abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa saura.

Ajiwa ba ta kai Nguru girma ba, amma ciwon iri ɗaya ne. Mun ga inda aka sare itatuwan gaɓa, zaizaya na tura yashi cikin dam. Mun tsinci kwalaben maganin feshi a yashe dab da ruwan da za a sha a birni.

Abin Da Za Mu Iya Yi

1. Kada a wanke injin feshi ko a zubar da kwalbar magani a bakin ruwa. Kada kuma a kama kifi ko tsuntsu da guba, domin a cikin tukunyarmu za ta ƙare.

2. A bar itatuwa da ciyawa a gaɓa, ko da taku ashirin ne. Su ke riƙe ƙasa, su ke hana dam cikewa.

3. Iyaye da malamai su nuna wa yara masu danƙo bambancin tsuntsun da ke cin hatsi da wanda ke cin ƙwari.

4. In an ga tsuntsaye sun mutu da yawa wuri ɗaya, kada a taɓa, kada a ci, kada a bar kaji su kusance su. A gaya wa malamin dabbobi. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006, ta halaka kaji masu yawan gaske.

5. Ƙungiyoyin samari su sami littafi guda, su riƙa rubuta abin da suka gani da ranar. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya kowane Janairu, cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos kuma tana tattara irin wannan bayani daga masu sa kai.

Wanda zai je, ya je tsakanin Disamba da Fabrairu, da sassafe. A tafi cikin ayari, a fara gai da mai unguwa a faɗa masa abin da ya kawo ku, a komo tun da rana, gama zamanin sai da lura. A riƙe ruwan sha da famfo da kayan faci.

Da za mu tafi, dattijon nan ya cika mana kwando da tumatir, ya ce in Allah ya kai mu bazara zai sa jikansa ya rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka a garinsu. Muna roƙon masu karatu su ma su yi haka, kowa a ƙauyensu, su aiko mana. Za mu buga ranakun a fitowar watan Yuli.