A Shingen Bincike: Haƙƙin Direba da Iyakar Ɗan Sanda

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Kano zuwa Zariya, ko daga Funtuwa zuwa Gusau, ya san wannan lokacin. Direba na cikin tafiya sai ya hango tayoyi da duwatsu an gitta a kan kwalta, ga jami'ai rataye da bindigogi. Hira ta tsaya. Ya rage totur, ya kai hannu gaban mota inda ya tara canji, ya naɗe ɗari biyu a tafin hannu, ya sauke gilashi. "Ofisa, barka da aiki." Hannu ya haɗu da hannu, aka ɗaga masa ya wuce. Ba a tambayi lasisi ba, ba a buɗe but ba, ba a dubi fuskar ko fasinja ɗaya ba. Idan kuwa wani direban ya ƙi bayarwa, ko ya ɗaga murya, sai ka ji an ce, "Faka!" Daga nan fasinjoji su fara roƙo: "Direba, don Allah ba su, rana na yi mana."

Wannan ɗan abin da ke faruwa cikin ƙasa da minti ɗaya, nan ne talaka ya fi haɗuwa da hukuma ido da ido. Mutane da yawa ba su taɓa taka ƙofar kotu ba, amma kullum sai sun bi ta shinge. Kuma direbobinmu sun kasu biyu a gabansa: masu miƙa wuya ga duk abin da aka ce, da masu tada jijiyar wuya a kan duk abin da aka ce. Dukkansu asara suke yi, domin doka ta shata hanya a tsakani, wadda ƙalilan ne suka san ta.

Me ya sa ake tsayar da mota?

Adalci shi ne a fara da faɗin cewa shinge yana da dalili. Ta hanyar mota ake safarar makamai da ƙwayoyi, ta nan ake wucewa da motar sata da shanun sata, ta nan masu garkuwa da mutane ke kai wa juna kayan abinci da man fetur. Wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna a shekarun da ta yi ƙaurin suna ya san yadda hankali ke kwanciya idan aka hango motar sintiri. Shi kansa jami'in da ke tsaye a rana bai san abin da ke cikin motar da ta tunkaro shi ba, kuma an sha kashe 'yan sanda a bakin shinge. Fahimtar wannan tsoron nasa ita ce rabin zaman lafiyar direba.

Saboda haka doka ta ba ɗan sanda ikon tsayar da mota da bincika ta. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na wannan shekarar, ita ta maye gurbin tsohuwar dokar da aka gada tun 1943, zamanin Turawa. Sashe na 49 ya yarje wa jami'i ya tsayar da mutum ko mota ya bincika idan yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin cewa akwai kayan sata ko haramtaccen abu. Dokar kuma ta tanadi tarar naira 500,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, ga wanda ya doki ɗan sanda ko ya hana shi aikinsa. Ke nan idan aka ɗaga maka hannu, tsayawa wajibi ne.

Ƙin tsayawa da sa-in-sa da mai bindiga ba jarumta ba ce. A watan Yuni na 2005, 'yan sanda suka kashe matasa shida a Abuja, maza biyar 'yan kasuwar Apo da mace ɗaya, bayan an tare su a shingen bincike da dare. Sai a watan Maris na 2017, kusan shekara goma sha biyu bayan haka, kotu ta yanke wa jami'ai biyu hukuncin kisa. Laifin na waɗanda suka harba ne, ba na mamatan ba. Amma darasin yana nan: hukuncin kotu, komai kyansa, ba ya dawo da rai. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Abin da ke wuyan direba

Idan aka tsayar da kai, ka rage gudu, ka kunna sigina, ka gangara gefe inda ba za ka tare hanya ba. Da dare ka kunna fitilar cikin mota don a ga kowa. Ka bar hannuwanka a kan sitiyari, kada ka yi wuf ka kai hannu aljihu ko ƙarƙashin kujera. Idan takardunka na cikin aljihun mota, ka faɗa kafin ka buɗe. Ka yi gaisuwa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma "Yallaɓai, sannu da aiki" ba ta rage maka ko haƙƙi ɗaya.

Sannan takardu. Lasisin tuƙi mai rai, lasisin mota, shaidar mallaka, shaidar lafiyar mota, da inshora. Inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna ta koma naira 15,000 ga ƙaramar motar gida tun watan Janairu na 2023, kuma daga ranar 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tilasta mallakarta a duk faɗin ƙasa. Ka tanadi abin kashe gobara, da alamar nan mai kusurwa uku, da tayar safaya. Ka ɗaura bel, ka ajiye waya, ka daina lodin mutum huɗu a baya biyu a gaba kamar buhunan masara.

Gaskiyar da direbobi ba sa son ji ita ce, da yawa daga cikin masu kukan zalunci a shinge su ne suka buɗe ƙofarsa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wanda lasisinsa ya mutu shekara biyu, ko ya sayi takardar inshora ta bogi a bakin tasha, ba shi da bakin cewa "ban yarda ba." Ya riga ya sayar da muryarsa tun kafin ya tada mota.

Abin da ke wuyan jami'i

Ikon da doka ta ba ɗan sanda ta ɗaure shi da sharuɗɗa, kuma nan ne rashin sani ya fi dare duhu. Sashe na 50 na Dokar 'Yan Sanda ya ce kafin ya fara bincike, jami'i ya kasance cikin kaki ko kuma yana rataye da katin shaidarsa a bayyane, ya faɗi sunansa da ofishin da yake aiki, ya faɗi abin da yake nema da dalilinsa. Tambayar "Ofisa, daga wane caji ofis kake?" ba raini ba ce, haƙƙi ce, muddin aka yi ta da ladabi. A ƙasar da 'yan fashi kan sa kaki su tare hanya, tambayar na iya ceton rai.

Sashe na 54 ya hana a ɗauki kamannin mutum a matsayin dalilin zargi: shekarunsa, askinsa, irin suturarsa, ko zaton da ake yi wa wasu jinsin mutane. Wannan ya shafi saurayi mai tara suma da kwamfuta a jaka, kamar yadda ya shafi Bafillatani mai rawani da sanda, ko ɗan Arewa da ya ɗauko albasa zuwa Kudu. Dokar ta kuma buƙaci a yi bincike ba tare da kunyata mutum ba, mace kuwa mace ce za ta laluba jikinta. Idan za a buɗe but ɗinka, ka fito ka tsaya a kai, ka ga abin da aka ɗaga da abin da aka mayar.

Waya fa? Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin mutum, har da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. Ƙwace wayar matafiyi a buɗe saƙonninsa da asusun bankinsa na daga cikin manyan koke-koken da suka haifar da zanga-zangar EndSARS a watan Oktoba na 2020. A farkon watan Sufeto Janar Mohammed Adamu ya gargaɗi jami'ai su daina binciken wayoyin jama'a barkatai, sannan ranar 11 ga watan ya rushe rundunar SARS baki ɗaya. Don haka direba na da damar cewa, cikin natsuwa, bai yarda a buɗe wayarsa ba sai da izinin da doka ta tanada.

Idan abin ya kai ga kamu, sashe na 35 na Kundin ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, idan babu, cikin kwana biyu. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba ya cancanci diyya da neman gafara a bainar jama'a. Ba a kama ɗa a madadin uba, ko yaron mota a madadin maigidansa. Duka da azabtarwa laifi ne a ƙarƙashin dokar hana azabtarwa ta 2017. Beli kuma kyauta ne, kamar yadda aka rubuta a bangon caji ofis da yawa.

Kowane kaki da huruminsa

Wani abin da ke rikita direbobi shi ne yawan masu tsayar da su. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, aikinta lasisi ne da gudu da lodi da lafiyar mota. Idan ta same ka da laifi takardar tara take rubutawa, a biya a asusun gwamnati, ba a hannun jami'i ba. Jihohi ma na da nasu, irin su KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna, kowace da dokar da ta kafa ta da iyakar da ta shata mata. Kuma kotu na iya duba wannan iyakar: a watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa jami'an VIO na Babban Birnin Tarayya ba su da ikon tsayar da motoci, ƙwace su ko cin direbobi tara. Wani lauya ne ya shigar da ƙarar. Bai yi dambe da kowa a titi ba. Takarda ya rubuta, kotu ta saurare shi.

Na goro

Yanzu mu koma kan ɗari biyun nan da aka naɗe a tafin hannu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai 'yan Najeriya sun ba ma'aikatan gwamnati cin hancin tsabar kuɗi na kimanin naira biliyan 721. Wani kaso na wannan kuɗi ta tagar mota ya fita. Kuma ba daga aljihun direba yake tsayawa ba: yana komawa kan kuɗin mota, kan buhun shinkafa, kan kwandon tumatir da ya tashi daga Kadawa zuwa Legas.

Asarar da ta fi kuɗi ciwo ita ce ta tsaro. Shingen da ɗari biyu ke buɗewa zai buɗe wa mai ɗauke da harsasai kamar yadda ya buɗe wa mai ɗauke da gero. Dokar ICPC ta 2000 ta tanadi ɗaurin shekara bakwai ga mai karɓa, da shekara bakwai ga mai bayarwa, addini ma bai raba su a zunubi ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai nauyin bai zama ɗaya ba: mai bindiga da ya tilasta ya fi wanda aka tilasta laifi, shugabannin da ke kau da kai kuwa sun fi su duka. Ba za a gyara shinge ba sai an gyara albashi da kayan aikin ƙananan jami'ai, an kuma hukunta duk wanda aka kama, komai girman igiyarsa.

Idan an zalunce ka

Kada ka ja makulli da jami'i, kada ka taɓa kakinsa, kada ka tada mota ka gudu. Ka riƙe sunan da ke ƙirjinsa, lambar motar sintirin, wurin da lokacin, ka karɓi lambar wayar fasinja ɗaya ko biyu da suka shaida. Idan ka sauka lafiya, ka kai ƙara wurin DPO ko Kwamishinan 'yan sanda, ko sashen karɓar koke-koke da rundunar ta buɗe tun 2015. Akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai kuma hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta. Ƙungiyoyin direbobi da ke karɓar kuɗin tikiti kullum a tasha ya kamata su ɗauki lauyoyi, su riƙa tara koken 'ya'yansu suna kaiwa gaba da murya ɗaya, su kuma buga waɗannan haƙƙoƙi da Hausa su liƙa a kowace tasha.

Ɗan'uwa direba, ka gyara takardunka kafin ka tada mota. Idan an tsayar da kai ka tsaya, ka yi magana da ladabi, ka san iyakar da doka ta shata wa wanda ya tsayar da kai, ka mayar da ɗari biyunka aljihu. Kai kuma jami'i, wanda ke bayan sitiyarin nan ɗan ƙasa ne da aka ɗauke ka aiki don ka tsare shi, kuma iyalinsa na jiran dawowarsa kamar yadda naka ke jiran taka.