Ɗan Kuka Mai Ja wa Uwarsa Jifa

Duk sa'ad da aka yi babban laifi, akwai mata biyu da ba su barci: uwar wanda aka cuta, da uwar wanda ya yi cutar. Ina so in bayyana muku, 'yan'uwana, abin da masu ilmin binciken laifi suka gano game da su.

Da fari uwa a kan ɗora wa laifin. A 1944 wani likitan Ingila, John Bowlby, ya binciki yara ɓarayi 44, ya tarar 17 an daɗe da raba su da uwayensu tun suna ƙanana. Mutane fa suka ɗauka duk yaron da ya lalace, uwarsa ce ta yi sake. A 1976 Carol Smart ta rubuta littafi a kan mata da laifi. Daga nan mata masana suka yawaita cikin fannin, suna tambaya: ina uban? Ina talauci da miyagun abokai?

Uwar mai laifi ba ta da bakin kuka. A 1999, a makarantar Columbine ta Amurka, ɗan Sue Klebold da abokinsa suka harbe ɗalibai 12 da malami ɗaya, sa'an nan suka kashe kansu. Ita ma ta rasa ɗa, amma zagi ya fi ta'aziyya yawa. Sai 2016 ta ba da labarinta cikin littafi.

Uwar wanda aka kashe kuwa, sau da yawa ita a kan bar wa aikin hukuma. A 1993 waɗansu samarin Turawa suka kashe Stephen Lawrence, baƙar fata, mai shekara 18, yana jiran bas a Landan. 'Yan sanda suka yi sakaci. Uwarsa Doreen da ubansa suka ƙi yin shiru, har gwamnati ta sa aka bincika. Rahoton 1999 ya ce akwai wariyar launi cikin aikin 'yan sandan. Sai 2012 aka ɗaure mutum biyu.

To, mu da za mu zama malamai, ran da yaro ya yi sata a aji, kada mu kira uwarsa kaɗai mu kunyata ta. A kira uban shi ma, a ji yadda gidan ya ke. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma uwar nan da muka jefa, da wuya ta sāke tako makaranta ta taya mu gyaran ɗanta.