In Ɗanka Ya Faɗi Jarrabawa

Wanda ya san Watari, cikin ƙasar Bagwai, ya san ba wurin zaman banza ba ne. Tun da aka tare kogin aka yi madatsar ruwa, manomi ba shi da hutu, rani da damina. Ana gama shinkafa sai a shiga tumatir da albasa. A nan yayana yake noma, a nan kuma ɗansa na fari ya tashi. Ba zan faɗi sunan yaron ba, amma ya yarda in ba da labarinsa, ko Allah ya sa ya amfani wani gida.

Tun yana ƙaramin sakandare shi ke riƙe wa ubansa lissafi: kwando nawa aka cire, nawa dillali ya biya, nawa aka kashe a taki da ƙwadago. Shekara guda ya tara, ya ga tumatir ya yi kyau amma kuɗi bai shigo ba, gama kowa ya kai kasuwa a mako ɗaya. Daga ran nan ya ƙudura zai karanta ilmin kasuwanci a jami'a, ya san inda gumin ubansa yake zurarewa.

Ƙofar da za a bi

Kafin a shiga jami'a a Nijeriya sai an bi ta hannun hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Tun 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawarta. Darussa huɗu ne, maki 400. Mai neman sashen kasuwanci yakan ɗauki Turanci, da Lissafi, da Tattalin Arziki, da wani darasi ɗaya mai kama da su. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya na sauran. In ka raba za ka ga kowace tambaya daƙiƙa 40 ke gare ta. Sakamakon kuwa na shekara ɗaya ne kawai. Wanda bai sami shiga ba, sai ya sake sayen fom baɗi.

A watan Afrilu na 2024 yaron ya tafi birni ya yi tasa. Ubansa ya sayar da akuya domin kuɗin fom da na mota. Daren jarrabawa bai runtsa ba, yana ta bitar littafi. Da safe bai karya kumallo ba. Ga shi kuma bai taɓa zama gaban kwamfuta na awa guda ba a duniya.

Ya ce mini, "Baffa, da na ga agogon nan yana gudu a jikin allon, sai hannuna ya kama rawa. Lissafin da nake yi wa Baba a ka, na dube shi kamar ban taɓa ganinsa ba. Na tsaya a kan tambaya ɗaya har na rasa minti nawa na ci."

Lokaci ya ƙare ya bar tambayoyi da yawa bai ko karanta ba. Ya sami 168. Sashen da yake so ya fi ƙarfin wannan maki.

Ba dakikanci ba ne

Mu iyaye mukan yi saurin yanke hukunci. Mu ce yaro bai yi karatu ba, ko ba shi da ƙwaƙwalwa, wani ma ya ce hannu aka sa masa. Amma Allah da ya halicci jiki ya sa masa wani ƙararrawa. In mutum ya ga maciji a kunya, nan take jiki yakan saki wani sinadari cikin jini, likitoci suna ce da shi adirenalin. Zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya gajarce, tafin hannu ya yi gumi, domin mutum ya yi tsalle ya tsira. Matsalar ita ce jiki bai san bambancin maciji da takardar jarrabawa ba. Tsoro kaɗan yana da amfani, yakan sa mutum ya farka ya mai da hankali. In ya yi yawa sai ya cika kai da "in na faɗi fa?", har lissafi ya rasa wurin zama. Ilmin yana nan, ƙofar ce ta rufe.

Wata biyu yaron ba ya zuwa sujada. In an tashi zumuntar matasa sai ya ce yana da aiki a fadama. Abinci ma sai uwarsa ta matsa masa. Ubansa kuwa ya yanke shawara: karatu ya ƙare, a kama fartanya.

Ran Lahadi da yamma na same shi a ƙofar gida. Na ce, "Yaya, shekarar da tsutsa ta cinye maka tumatir, ka bar noma?"

Ya ce, "In na bari me za mu ci? Na dai sake iri, na yi feshi da wuri."

Na ce, "To, shi ma a bar shi ya sake iri."

Ya yi shiru, can ya ce, "Ni ba ni da wata akuyar."

Na ce kuɗin fom a wuyana. Uwar yaron kuma ta ce za ta ɗauki kuɗin mota daga adashinta.

Da dare muka karanta labarin Yohanna Markus tare da yaron. Markus ya bi Bulus da Barnaba aikin bishara, ya juya daga Bamfiliya ya koma gida. Da za a sake tafiya Bulus ya ƙi shi sam. Barnaba, wanda danginsa ne, shi ya riƙe shi ya tafi da shi. Bayan shekaru, Bulus da kansa ya aika a kawo masa Markus domin yana da amfani gare shi. Ku duba Ayyukan Manzanni 15 da 2 Timoti 4:11. Da ba a sami ɗan'uwa irin Barnaba ba, wa ya san inda Markus zai ƙare?

Ba a fafe gora ranar tafiya

Addu'a muka fara, amma ba mu tsaya nan ba. Ga abin da yaron ya yi dabam a karo na biyu.

Na ɗaya, ya koyi kwamfuta. Kowace Asabar yakan je Bichi ya biya kuɗin awa ɗaya a shago. Ya gane ba sai da linzami ba: A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N a ci gaba, P a koma baya. Ya kuma yi jarrabawar gwaji wadda hukumar take shiryawa kafin ta gasken.

Na biyu, ya daina karanta littafi kamar waƙa. Yakan rufe littafin ya tambayi kansa, ya yi tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa. Tambayar da ta ƙi, ya wuce ta ya dawo daga baya. Karatu kaɗan kullum ya fi na kwana uku ba barci.

Na uku, ya riƙa rubuta tsoronsa. A 2011 waɗansu masana biyu na Jami'ar Chicago a Amurka, Ramirez da Beilock, sun nuna cewa ɗalibai masu fargaba da suka yi minti 10 suna rubuta damuwarsu kafin jarrabawa sun fi samun maki. Yaron ya mai da nasa rubutun addu'a. Abin da ya rubuta yakan miƙa wa Ubangiji ɗaya ɗaya, yadda Filibiyawa 4:6 ta koya mana.

Na huɗu, barci da abinci. Ku tuna da annabi Iliya sa'ad da ya gudu jeji, ya gaji har ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da faɗa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ba shi gurasa da ruwa, sa'an nan aka yi magana.

A Afrilu na 2025 ya koma. Na tambaye shi ko ya ji tsoro. Ya ce, "Na ji mana, Baffa. Amma na ajiye hannuna, na ja numfashi a hankali sau biyar, na ce Ubangiji yana nan. Sai na fara da Tattalin Arziki, wanda na fi iyawa." Ya sami 221, ya kuma sami wuri a Kano.

Kalma ga iyaye

A 2025 ɗin nan, ɗalibai kimanin miliyan 1.9 suka yi jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Ran 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito da hawaye ya amsa cewa an sami kuskuren na'ura a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Aka sake wa ɗalibai 379,997 jarrabawa. Ku yi tunanin yara nawa aka zaga a gida kafin ran nan, a kan laifin da ba nasu ba. Maki yana iya kuskure. Ko bai yi kuskure ba, ba shi ne ma'aunin ɗanka a gaban Allah ba.

Saboda haka kada ku gwada shi da ɗan maƙwabci. Kada ku riƙa tuna masa da akuyar da aka sayar, ya sani, ita ce ma take hana shi barci. In kun ga yaro ya daina ci, ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara cewa gara ya mutu, kada ku ɗauka wasa ne. Ku zauna da shi, ku kira fasto ko dattijon da ya amince da shi, ku kai shi asibiti.

Ku sani kuma hanya ba ɗaya ba ce. Ana koyar da kasuwanci a Jami'ar Bayero, ana koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Kano, ana koyarwa a kwalejin horon malamai ta tarayya da ke Bichi. Wani kuwa a kasuwar Dawanau zai koyi nasa, Allah kuma ya sa masa albarka.

In akwai yaro a gidanku ko a ekklesiyarku da ya faɗi bana, kada a jira ya zo da kansa, gama kunya ba za ta bar shi ba. A je a same shi. Ku karanta Luka 5:1-11 tare, ku lura da abin da masuntan nan suke yi da safe bayan sun kwana ba su kama kome ba: tarunansu suke wankewa. Sa'an nan ku yi addu'a, ku tambaye shi abin da yake bukata domin ya sake jefa nasa.