Wankan Azahar a Bakin Tur'a: Ciwon da ke Bin Ɗalibai Gida Bayan Kwanan Ƙauye

Duk sa'ad da makaranta ta ce za ta kai ɗalibai ƙauye su kwana, tambayoyin iyaye ba sa sauyawa. Wa zai dafa abinci? Akwai kuɗin cizo a shimfiɗar? Ɗakin mata dabam yake da na maza? In kuma an dawo lafiya, sai bayan wata guda wasu daga cikin yaran suka kwanta da zazzaɓi da tari da borin jini, nan take magana za ta bazu: mai masauki ya ba su abincin da ya kwana, ko an zuba musu wani abu, ko sun yi gamo a bakin kogi. Wannan zargin yana ɓata mini rai, domin yana shafa wa mutanen ƙauye kashin kaji a kan karamcin da suka yi, sannan yana kawar da ido daga inda cutar take.

A ƙauyukan Hausawa na Jazira da Sinnar a Sudan, kwanan baƙo ba sabon abu ba ne. Garin Mai Wurno kansa masu hijira ne suka kafa shi: Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya taso da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin Baharul Azraƙ, reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha, kudu da Sinnar kaɗan. Alhazan ƙasa sun yi shekara da shekaru suna yada zango a nan. Su ma ɗalibai sun saba hanya. Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, ta yi suna wajen tura ɗaliban likitanci rukuni-rukuni su zauna cikin ƙauyuka, su koyi aiki a gaban jama'a. Akan sauke baƙi a zauren baƙi na mai gari, ko a makarantar allo, ko a ƙaramin masaukin bakin kasuwa, a jera musu gadajen igiya a tsakar gida, a kawo kisira da miya, wani lokaci har da agashe.

Abincin da ya lalace ba ya jiran wata guda. Cikin sa'o'i, ko kwana ɗaya zuwa uku, ciki zai faɗi abin da aka ba shi. Zazzaɓin da ya zo bayan mako biyu zuwa takwas, ga tari busasshe, ga ciwon jiki, ga gwajin zazzaɓin cizon sauro ya nuna babu komai, sai a tambayi yaron abu guda: ka shiga ruwa?

Kusan kullum ya shiga. Mota ta iso da rana tsaka, ƙura ta rufe kowa, zafin Jazira ba ya wasa, ga kuma tur'a, wato hanyar ruwan noma, tana kwance a bayan gari, yaran ƙauye na tsalle a ciki. Wane ɗalibi ne zai haƙura? Wanda bai yi iyo ba ya tuɓe takalmi ya tsoma ƙafa, ko ya yi alwala.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka shimfiɗa noman auduga na Jazira, wanda da ƙarin Manaƙil ya kai kimanin fadan miliyan biyu, ƙananan hanyoyin ruwan nan suka zama gidan dodon koɗi. An tsara su ne su riƙe ruwa da dare a yi ban ruwa da rana, saboda haka ruwan ba ya gudu, laka na taruwa, ciyawa na fitowa. Idan mai tsargiya ya yi fitsari ko bayan gida a ruwan ko a gefensa, ƙwan tsutsar da ke kawo cutar ya ƙyanƙyashe, ɗan abin da ya fito ya nemi dodon koɗi ya shige. A cikinsa yake hayayyafa, guda ɗaya ya zama dubbai. Bayan makonni sai su riƙa fitowa suna yawo a ruwa, ido ba ya ganinsu, kuma sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da jiki ya fi son wanka. Ba sai an sha ruwan ba, ba sai akwai rauni a jiki ba. Lafiyayyar fata suke hudawa cikin 'yan mintoci. Iri biyu ne a yankin: ɗaya ta zauna a jijiyoyin mafitsara ta kawo fitsarin jini, ɗaya a jijiyoyin hanji ta riƙa ɓata hanta a hankali. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira tun 1851.

Abin da ke rikita mutane shi ne, ɗan gari da ya taso cikin ruwan nan ba kasafai yake yin wannan zazzaɓin ba, baƙo ne yake yi, domin jikinsa bai taɓa haɗuwa da tsutsar ba, sai ya tayar mata da faɗa gaba ɗaya. Iyaye su ce: ai yaran garin suna wanka a wurin kullum, me ya same su? Abu ya same su. Suna ɗauke da ita shekara da shekaru, jini na raguwa, girma na tsayawa, karatu ba ya zama. Har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jinin yaro a matsayin alamar balaga, ko aikin zafin rana. Ƙarshensa kan iya zama toshewar ƙoda ko ciwon dajin mafitsara, a mata kuma raunuka a al'aura da mahaifa da ake ta yi wa maganin sanyi.

Akwai wani kuskuren da masu ilimi ne ke yin sa. Malami ya ji labarin tsargiya, sai ya sayo ƙwayar furazikwantal ya raba wa ɗalibai a mota ana komowa, ya ce an yi riga-kafi. Maganin yana da kyau, kuma shi ne abin dogaro, amma balagaggiyar tsutsa yake kashewa. Kamar koma ce mai manyan idanu: ta kama manyan kifi, 'yan tsirit su zurare, su girma a bayanka. Tsutsar da ta shiga jiya tana buƙatar kimanin mako shida zuwa takwas kafin ta balaga, gwajin fitsari ko na bayan gida ma ba zai nuna ƙwai ba sai ta fara zubawa. Don haka a rubuta sunan duk wanda ya taɓa ruwa, a gwada shi bayan wata biyu zuwa uku, a ba shi magani gwargwadon nauyinsa, miligiram 40 ga kowane kilo. Wanda zazzaɓi ya riga ya kama kafin lokacin, a kai shi asibiti a gaya wa likita maganar wankan, kada a bar shi yana shan maganin taifot zagaye bayan zagaye.

Hukuma ta san duk wannan. Daga 1979 gwamnatin Sudan da Hukumar Lafiya ta Duniya sun gudanar da babban shirin lafiya na Baharul Azraƙ har tsawon shekara goma: feshin dodon koɗi, rabon magani, famfo da masai a ƙauyuka. Cutar ta ja baya ƙwarai. Da kuɗin shirin ya ƙare, ta dawo. Waɗanda suka fi shan wuya su ne mazauna kambo, bukkokin 'yan ƙodago da ke jingine da tur'a, Hausawa da mutanen yammacin Sudan, waɗanda hannunsu ya tsinci audugar amma ba a cika tunawa da su ba ranar rabon famfo. Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a Afrilun 2023 ya ƙara dagula lissafi. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025, a tsakani kuma injinan ruwa da yawa sun tsaya, mutane suka koma ɗiban na tur'a da na kogi.

A nan ne masauki yake da hannu, ba a tukunya ba. Durom ɗin da ke makewayi, sau da yawa amalanken jaki ne ya cika shi daga tur'ar da aka hana yara shiga. In da safen nan aka ɗebo, wanka da shi daidai yake da iyo. Sai dai 'ya'yan tsutsar ba sa wuce kwana biyu a ruwa in ba su sami fata ba, zafi ma yana kashe su. Malamin da zai kai yara Mai Wurno ko wani ƙauyen Jazira ya aika wa mai masauki tun da wuri a cika duroma a rufe kwana biyu kafin isowarsu, in hakan bai samu ba a tafasa ruwan wankan a bari ya huce.