Langa a Dandalin Birnin Kudu da Gwaram

Da zarar an kai amfanin gona rumbu, farin wata ya fito, yaran ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram sukan hallara a dandali bayan sallar isha'i. 'Yan mata na gefe suna gaɗa, samari kuwa sai langa. Daga Bamaina har Sara da Basirka, da wuya ka sami dattijon da bai taɓa kama ƙafa ya yi tsalle ba.

Ana rabuwa gida biyu. Kowa zai lanƙwashe ƙafa ɗaya ta baya, ya damƙe ta da hannu, ya dinga tsalle da ɗayar. Kowane ɓangare yana da nasa ruwa, wato wanda ake so ya kai wurin da aka tsayar, ko gindin bishiya ko turmin da aka kife. Sauran 'yan wasa aikinsu biyu ne: su kare ruwansu, su ka da na abokan hamayya. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi, an kashe shi, sai ya koma gefe. Galibi ba ƙato ake ba ruwa ba. Siririn yaro ake nema, mai zillewa, wanda zai laɓe bayan manya har ya ga kafa, ya yi fit ya wuce, ƙura na tashi ana ihun "ya sha!" A ganina nan daɗin wasan yake, domin ƙarfi kaɗai ba ya ci, sai da dabara da haɗin kai.

Kamar yadda ake langa a dandali, haka aka riƙa buga ƙwallon gora na kan ƙanƙara a Kanada a kan tafkunan da sanyi ya daskarar. A ranar 3 ga Maris, 1875, aka shigar da shi cikin zaure a birnin Montreal, mutum tara-tara, cikinsu har da ɗaliban Jami'ar McGill. Maimakon ƙwallo sai suka sa faifan katako, don kada ya yi sama ya bugi 'yan kallo. Ɗalibai na cikin waɗanda suka riƙe shi daga nan, har jami'o'in Amurka suka fara gasar zakarunsu a 1948, Jami'ar Michigan ta ɗauki kofi.

Langa ma ta sami shiga bikin wasanni na ƙasa tare da dambe da kokawa, amma a gida tana ja baya. Gidan kallon ƙwallo da waya sun kwashe samarin dandali. Ga shi kuwa langa ba ta buƙatar takalmi ko raga, fili kawai. Malaman wasanni na Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu da makarantun Gwaram, don Allah ku yi koyi da waɗancan ɗalibai, ku haɗa gasar langa tsakanin ɗalibanku kowace shekara, ku gayyato dattawan gari su yi alƙalanci.