15 ga Afrilu: Daga Lincoln zuwa Jackie Robinson

A ranar 15 ga Afrilu 1865 Shugaban Amurka Abraham Lincoln ya cika a Washington, bayan harbin da aka yi masa a gidan wasan kwaikwayo a daren da ya gabata. A rana irin wannan ta 1947 kuma Jackie Robinson ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers, baƙar fata na farko a babbar gasar besbol ta zamani. Masu son abin al'ajabi sukan ƙara da nutsewar jirgin Titanic a 1912 da harin bam na tseren Boston a 2013, su ce ranar tana da wani sirri. Babu wani sirri. Shekara kwana 365 ce, tarihi kuwa ya yi mata yawa, dole abubuwa su yi karo.

Wani zai ce to jera su ɓata lokaci ne. Ban yarda ba, domin haɗa 1865 da 1947 yana tilasta wa mai karatu yin lissafi. A shekarar da Lincoln ya rasu aka haramta bauta a kundin tsarin mulki, amma sai da aka shafe shekara 82 kafin jikan bayi ya buga wasa tare da fararen fata a wannan gasa, kuma ko a lokacin yana shan zagi daga 'yan kallo. Amurkawa ma sun zaɓi abin tunawa: tun 2004 ake bikin ranar Robinson, kuma tun 2009 kowane ɗan wasa yakan sa lambarsa ta 42 a ranar, alhali an janye ta daga amfani tun 1997.